Motata Aka Goge, Mijina Aka Ba Haƙuri

An goge mani mota a wurin aiki, wanda ya goge ta kuma ya tsallake ni ya je kasuwa ya ba mijina haƙuri. Mijina ya ce ya yafe. Duk wannan an yi shi an gama tsakanin hantsi da la'asar, ni mai motar ban ma san an taɓa ta ba.

Ina aiki a wani ofishi da ke kula da azuzuwan yaƙi da jahilci a Faskari, ɓangaren mata. Ni kaina daga irin ajin nan na fito. A Sabuwa aka haife ni, aure ya kawo ni Faskari, kuma ban taka aji ba sai da na yaye ɗana na biyar. Ranar farko na riƙe fensir kamar muciya. Na dage har na samu takardar koyarwa ina da jika a baya. Motar kuwa ƙarama ce, ruwan toka, ta sha hannu kafin ta iso gare ni. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kiwon raguna na haɗa ta, shekara da shekaru, da wani bijimi da na sayar ina ji kamar an cire mani haƙori. Ba don gayu na saye ta ba. Ina da aji a Ruwan Godiya da wasu ƙauyuka, hanya kuma kowa ya san halin da take ciki, in ba ki dawo kafin rana ta yi sanyi ba zuciyar mutanen gida ba ta kwanciya. Na gaji da zaman jiran motar haya ta cika. A filin ƙwallo na bayan gari na koyi tuƙi, mata na leƙena ta saman katanga.

A harabar ofishinmu ice ɗaya ne mai inuwa, wani tsohon bedi, mota biyu yake ɗauka idan an matsu. Ranar ni na riga kowa zuwa, na ajiye tawa a gefe na bar wa wani fili, na wuce ɗakin ajiya na can ciki ina ware littattafan da zan kai ƙauye. Daga nan aka kira taro, daga taro salla, daga salla na zauna rubuta rahoto. Sai wajen ƙarfe uku na fito da littattafan a hannu, na zagaya don in buɗe ƙofar baya.

Ƙofar ta loɓa ciki kamar an sa mata gwiwa. Wani farin zane ya taso daga tsakiyarta har kusa da taya, ya fi kamu guda, fentin ya ɗaye har ana ganin ƙarfe. Na ja marfin, ya ƙi, na ƙara ja, ya buɗe da wani ƙara mai tsinka zuciya. Na shafa wurin, farin fenti ya biyo yatsana. Na tsaya ina kallon yatsan nan kamar ba nawa ba. A ofishin kaf mota ɗaya ce fara, ta Alhajin da ke kula da azuzuwan maza, mutumin Ƙanƙara, kuma ba ta ƙarƙashin bedin.

Baba mai gadi na zaune a bencinsa. Da muka haɗa ido sai ya duƙufa yana murɗa rediyo.

Na ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Malama, ai an gama maganar."

"Wace magana?"

"Ta motar mana. Alhaji ne da zai shiga inuwa da ribas. Ya ce shi da kanshi zai je wurin maigida."

"Wane maigidan?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Naki mana."

Ina tsaye ban gama haɗiye wannan ba sai ga abokiyar aikina, wadda muke tebur ɗaya, ta fito tana gyara mayafi. Ko kallon ƙofar ba ta yi ba, alamar ta riga ta ƙoshi da kallonta.

"Kin gani ko? Wallahi har cikin ofis muka ji ƙarar. Sannu."

"Kuka ji? Ke da wa?"

"Kowa mana. Alhaji ya ce kada a ɓata maki rai kafin taro."

Sai taron ya dawo mani a ido. Awa biyu cur mutumin nan yana zaune yana fuskantata. Ya yaba wa ajina na Ruwan Godiya. Har ya ce, "Malama, miƙo mani ruwan nan," na miƙa mashi da hannu biyu, ya ce Allah ya yi albarka. Mutum bakwai a ɗakin, kowa ya san abin da ke ƙarƙashin bedi, ni kaɗai nake ta bayani a kan alli da allo kamar wata sakarai. Na zuba littattafan na shiga mota. A hanya sai da na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, na juyo.

Malam, mijina, hatsi yake sayarwa a kasuwa. Ya shigo bayan la'asar da leda a hannu, fuskarsa a sake, ya ajiye mani ita a kan tabarma. Lemu ne da ayaba.

"Ga tsarabarki. Alhajin ofishinku ne ya kawo. Kai, mutumin nan akwai sanin ya kamata. Da ƙafarshi ya zo har rumfa, ya cire takalmi, ya zauna, ya ce ƙaddara ta gitta a kan motar gidana."

"Motar gidanka."

"Haka ya ce. Ya ce a kai ta wurin masu bugun mota zai gyara. Na ce haba Alhaji, don wannan ɗan abin? Na yafe, duniya da lahira."

Na ce, "Malam, ka ga motar?"

Ya tura mani ledar gabana.

"Tambaya nike. Ɗan abin da ka yafe duniya da lahira, ka gan shi?"

"Ya ce ɗan gogewa ne."

Na tashi na ce ya biyo ni. Muka fita ƙofar gida. Ya duƙa, ya shafa wurin kamar yadda na shafa, ya ja ƙofar ta yi ƙaran nan, ya saki da sauri.

"Ashe har haka?"

"Har haka."

Ya gyara hula, ya dubi hanya ko akwai mai jinmu, ya rage murya. "To, an riga an yi magana. A gaban mutane na faɗa, maƙwabtan rumfa duk sun ji. Ki bari, ni zan ga yadda za a yi da gyaran."

"Ban ce ka gyara ba. Cewa nike, wa ya ba ka?"

"Wa ya ba ni mi?"

"Yafiyar. Wa ya ba ka ita da ka bayar?"

A nan ne na ga abin da ya fi loɓawar ƙofar girgiza ni. Malam bai gane tambayar ba. Ba ya yi kamar bai gane ba ne, a'a, har ransa bai gane ba. Mutumin nan shi ya riƙa kai ni aji a bayan babur lokacin da yayyensa ke cewa ya bar tsohuwa ta mayar da shi ɗan acaɓa. Shi ya raka ni sayen motar, yana tsaye na ɗauki biro na sa hannu a takardunta da sunana. Ya san ragon da aka sayar da wanda aka bari. Amma yau wani ya ce mashi "motar gidanka," ya ji daɗin kalmar, ya miƙa hannu ya karɓa.

Muka koma ciki. Ya zauna yana lallashina, kuma zan faɗi gaskiya, maganarsa ba ta banza ba ce.

"Girmama ki ya yi. Babban mutum ba ya tare matar wani a fili yana doguwar magana da ita. Ya nuna ya san kina da mai tsaya maki. Da ya raina ki, da ya ce maki sannu ya wuce. Haka muka taso muka gani, in an yi wa mace ɓarna, wurin mijinta ake zuwa, ko ubanta, ko wanta."

Na ce, "Shekara shida muna ofis ɗaya. Shi ke sa hannu a takardar da ke tura ni Ruwan Godiya, hanyar da shi kansa ba ya son bi. Daga hannuna yake karɓar rahoto. Ranar da na makara, ni yake wa faɗa, bai taɓa zuwa rumfa ya yi maka ba. Yau ne kaɗai ya tuna ni matar wani ce?"

Malam ya ɓare ayaba ɗaya, ya dube ta, ya ajiye bai ci ba.

"Kuma in tambaye ka. Da jakin wani ya shiga rumfarka ya farke buhunan masara, mai jakin ya zo nan tsakar gida ya same ni ina tankaɗe, ya ba ni haƙuri, na ce na yafe duniya da lahira, ya za ka yi?"

"Ai wannan daban."

"Mi ya bambanta su?"

Aka kira magariba ya tashi ya yi alwala.

Ina tuƙa tuwo ina juya abin. In na yi shiru, maganar Malam ta tsaya, ba wanda zai ce matarsa ta kwance abin da ya ƙulla a gaban mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai rumfa a kasuwa, na sani. Amma in na yi shiru, daga gobe duk ofishin sun san inda ake kashe maganata. Wanda ya taka ni, ya sayi lemu ya nufi layin 'yan hatsi. Ni kuma in koma gaban matan ajina, waɗanda nake cewa kowacce ta san abin da yake nata, ta iya buɗe baki a kansa, in ci gaba da faɗa masu haka da wane ido? Gyaran ƙofa ba zai gagare ni ba. Abin da aka ɗauke mani shi ne a tsaya a gabana a ce an yi mani laifi, ni kuma in ce na yafe ko ban yafe ba.

Da ya dawo daga masallaci na ajiye mashi abinci na ce, "Malam, ba zan yi abu a bayan idonka ba. Gobe zan yi wa Alhaji magana."

"Ki kunyata ni ke nan."

"Ba zan ce ka yi ƙarya ba. Zan ce ka yafe naka. Nawa yana nan."

Ya jawo kwanon gabansa. Can ya ce, "Ni dai na yi magana, ba ni janyewa." Ya sa hannu a tuwon. "Kada ki ɗaga murya."

Na ce ba zan ɗaga ba.

Washegari tun ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ƙofar ofis. Ban shiga da motar ba, na ajiye ta a waje, gefen da ya loɓa yana kallon hanya, na tsaya a jikinta. Baba mai gadi ya gaishe ni sau biyu, ya ce ko in shigo in zauna, na ce nan ma ya yi. Ma'aikata na zuwa suna gaishe ni suna rage tafiya. Wajen takwas da kwata sai ga farar motar. Na ɗaga hannu. Ya tsaya, ya sauke gilashi yana murmushi.

"Malama, an tashi lafiya? Ya maigida? Jiya ai mun gaisa."

"Ya faɗa mani. Alhaji, fito ka ga wani abu."

Ya fito yana gyara babbar riga. Na nuna mashi ƙofar, na ja ta ta yi ƙara, na bar ta a buɗe.

"Wannan motar tawa ce. Haƙurin da ka kai kasuwa bai iso ni ba."

Murmushin ya tafi. Ya dubi Baba, ya dubi waɗanda suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. "Haba Malama, ai Malam ya ce ya yafe."

"Buhunsa ka farke?"

Wani ya yi tari a bayana.

Na ce, a hankali kamar yadda na yi alkawari, "Ka ce za ka gyara, to na karɓa. Masu bugun mota sun buɗe yanzu. Juya motarka ka biyo ni. Maganar yafiya kuma, in mun dawo ka tambaye ni, ina tebur na biyu daga ƙofa."

Na tura ƙofar da gwiwa ta rufu, na zagaya na shiga, na tayar. Ban ja ba. Na zuba ido a madubi har sai da na ga ya shiga tasa ya fara juyawa. Sannan na sa giya na hau titi.