Hotunan Sambo da Ba Su Iso Ba

Asabar, 19 ga Nuwamba 2022. Aikin farko: mayar da kujerun zaman makoki makarantar hilla, wato ƙauyenmu, kafin rana ta yi zafi. An yi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga wannan wata, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Alhaji Salih Abdussalami a gidansa, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako uku. Laraba da safe muka kai shi makwancinsa. Ɗansa Saifuddeen ya roƙe ni in rubuta ta'aziyya a sa a zauren waya na hillarmu, inda 'yan'uwanmu na Hartum da na Saudiyya suke. Na karɓa ran Laraba. Abin da nake rubutawa yau ba shi ne na yi niyyar rubutawa a ranar ba.

Baba Salih, zan fara da alherinka, domin gaskiya ne, kuma na gan shi da idona. Kai aminin mahaifina ne. Shekarar da ya rasu, ina aji biyar, kai ka shuka mana dawa a hawasharmu, wato gonarmu, kafin ka taɓa taka gonar. Da bakin magudanar ruwa ya ɓalle a daminar shekarar, ka tsaya cikin ruwa har ƙugu kana jera buhunan ƙasa, kana yi wa yayana Sambo tsiya cewa shebur ya fi shi nauyi. Ranar da zan shiga sakandare a Wad Madani, kai ka ɗora akwatina na ƙarfe a kanka tun daga tasha har ƙofar makaranta, ka ƙi bari in karɓa. Kai ka nema mini auren Ramla. Kai ka fara sa hannu a haƙan kabarin mahaifiyata, Inna Ma'u. Ban manta ko ɗaya ba.

Kai ne kuma ka tafi da Sambo Jidda a 1998. A lokacin babu waya a hillarmu. Mutanenmu da ke Saudiyya suna can gonakin arewa, ku biyu kaɗai ne a Jidda, kuma kai kaɗai ke da takardun da za ka zo gida ka koma. Saboda haka kai ne wasiƙarmu. Muna kiran ka mai shago, saboda hoton nan da ke rataye a zaurenka, kana tsaye cikin farar jallabiya a ƙofar shagon yadi.

Duk zuwanka, Inna takan bari mutane su watse, sannan ta zauna a bakin tabarmarka.

"Alhaji, ina saƙon yaron nan?"

"Ma'u, birni ne babba. Yaro ya sami abokai. Nakan hango shi dai daga nesa."

"Ya yi ƙiba ko ya rame?"

"Lafiyarsa lau."

"Ba ni son komai nashi, Alhaji. Hoto dai, in ga fuskarshi."

Kakan ba ta dabino da turare, ta yi godiya ta tashi. Haka shekara biyar. A 2003 ta rasu, kana gida hutu. Kwana uku bayan nan na rubuta wa Sambo takarda mai layi huɗu. Na ce Inna ta tafi tana kiran sunansa, na ce ba shi da ƙane a hillar nan, kada ya dawo. Na ba ka, ka sa a aljihu. Daga ranar ban sake neman labarinsa ba, kuma idan ana son a ja kunnen saurayi mai shirin tafiya, akan ce masa kada ya zama Sambon Ma'u.

Shekaranjiya matarka, Inna Hadizatu, ta kira ni ɗakinka. Tana son a zaɓi hotonka mai kyau a kai Wad Madani a ƙara masa girma. Ta turo mini jakar tafiyarka ta fata ta ce, "Kai ke da haƙurin takardu, duba mana." A ƙarƙashin tsohon fasfonka na sami ambulan bakwai, an ɗaure su da zaren buhu. A bayan kowace an rubuta "Zuwa ga Inna Ma'u," ban da ta ƙarshe, mai sunana. Na san rubutun. Ni na koya masa ɗaura alif da lam yadda malaminmu yake yi.

Ta farko kaɗai aka taɓa buɗewa. Hoto ɗaya ne a ciki. Sambo yana tsaye a bakin titi cikin kayan masu shara, masu ruwan goro, yana dariya har haƙoransa duka a waje. Kai kana gefensa cikin irin kayan, da doguwar tsintsiya a hannunka, ka juya kai kamar wani ya kira ka. A bayanku ga shagon yadin nan na hoton zaurenka. A bayan hoton ya rubuta: "Inna, ga ni da Baba Salih bayan mun tashi aiki. Shi ya samo mini aikin, ɗakinmu ɗaya. Ki sa masa albarka."

Ni mutum ne mai yawan shakkar kaina, Baba, ka sani, kai ma kana yi mini dariya a kai. Ban yarda da idona ba sai da na je gida na ɗauko littattafan da nake rubuta abubuwan kowace rana tun ina sakandare. Na jera ambulan a tabarma, na jera littattafan. Maris 1999: "Baba Salih ya iso. Dabino. Sambo: babu saƙo." Hoton farko an ɗauke shi a Fabrairun 1999. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyar sun yi daidai da zuwanka. Ɗaya ban sami inda ta faɗa ba, wataƙila ni na yi kuskuren wata, ko ka ba wani ya kawo maka gida. Na faɗi wannan don kada in ɗora maka fiye da abin da na tabbatar.

Sauran biyar na Inna ni na yage bakinsu, bayan shekara ashirin. Babu kai a cikinsu ko ɗaya. Sambo a bakin teku, ya naɗe ƙafar wando. Sambo da harami. Sambo yana tuƙa tuwo a wata 'yar tukunya, ya rubuta cewa babu kuka a garin sai ya yi da kuɓewa. Sambo ya tara gemu, yana tambaya ko ya yi kama da mahaifinmu. Kowace tana farawa da "Kun ga wanda na aiko bara?" Ina jin dalilinka ke nan. Da ka ɓoye ta farko, ta biyu za ta tona ta, sai ka ɓoye ta biyu. Ban sani ba. Zato nake yi, kuma ba ka nan ka gyara mini.

Ta bakwai, ta 2004, amsar takardata ce. Ashe ita ka kai. A cikin duk abin da ya ratsa hannunka tsakaninmu da shi, layi huɗun nan nawa ne kaɗai suka isa. Na yi ta neman maka uzuri, na ce ai dole a sanar da ɗa mutuwar uwarsa. Amma da baki ma ana sanarwa. A hoton ya rame, yana zaune a kan katifa. Ya rubuta: "Mujtaba, sau shida na aiko, ba ku amsa ba. Idan aikin shara ne ya ba ku kunya, na bar shi, na bar garin ma. Ka yi wa Inna addu'a a madadina."

Na koma wurin Inna Hadizatu na karanta mata duka, Saifuddeen yana zaune. Ya ce, "Yaya Mujtaba, mutum ya riga ya tafi. Ka rufa masa asiri."

Ita kuwa ta daɗe tana kallon hoton farko, ta kawo shi kusa da idonta.

"Wannan ne asirin? Shara? Tun zuwanshi na farko na sani. Hannunshi na riƙa. Mai auna yadi ba ya kanta irin wannan."

"Ba ki taɓa gaya masa ba, Inna?"

"In gaya mishi mi? Yana jin daɗin a ce mai shago, sai na bar shi. Ban san Ma'u ce ke biya ba." Ta miƙo mini hoton. "Rubuta. Ɗan mutane yana can."

Da izininta nake rubutu, Saifuddeen bai so ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na san an hore mu da ambaton mamata da alheri. Jiya sau biyu na fara na yage. Amma shekara goma sha tara ana zagin mai rai a hillar nan, ni na fara zagin, kuma babu wurin da zan wanke shi sai inda aka ɓata shi. Ku da ke Saudiyya: Sambo ɗan Ali da Ma'u, yanzu zai kai arba'in da shida, dogo, yana da tabo a girar hagu. Ya bar Jidda a 2004. Duk wanda ya taɓa jin ɗuriyarsa, ko a raye ko akasin haka, ya neme ni.

Baba, ran Laraba a maƙabarta liman ya tambaya ko akwai mai wani haƙƙi a kanka. Ina sahun gaba, na ɗaga murya na ce mun yafe. Ban san abin da nake yafewa ba. Na yi tunanin ko wannan yafiyar ta ƙidayu, ban sami amsa ba, sai dai ba zan janye ta ba. Nawa na bar maka, ko da zuciyata ba ta gama bin bakina ba. Na Inna yana wurin Allah. Na Sambo kuwa ba ni da ikon bayarwa, ni ma a layi ɗaya nake tsaye da kai a ƙofarsa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Salih. Ka auna masa ruwan da ya tsaya a ciki saboda marayu, da titunan da ya share don ya ciyar da iyalinsa da halal. Ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sa waɗanda ke da haƙƙi a kansa su sassauta. Ka jiƙan Inna Ma'u. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hadizatu, da Saifuddeen, da 'yar marigayin, Ruqaya, da jikoki duka. Ba ku da hannu a wannan, kuma gidanku gidana ne kamar kullum, idan kun yarda. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe Lahadi, in Allah ya kai mu:

1. Sakin ruwa a alkama, ɓangaren gabas.
2. Hoton Baba da za a ƙara wa girma. Inna Hadizatu ba ta zaɓa ba tukuna.
3. Gaishe da Saifuddeen, ko da bai amsa ba.
4. Ɗaukar hoton 2004 a waya cikin haske mai kyau, a tura Madina da Riyad.
5. Takarda zuwa ga Sambo. Na rubuta "Yaya." Babu adireshi.