Ƙaramin Turmin Goggo

A shekarata ta biyu a jami'a fatata ta tayar mini da hankali. Ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, in na sosa wurin ya tsage. Likitar da na gani a Samaru ta ce in bar gyaɗa na mako shida mu gani, in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina. Ta ce kuma in rage ƙiba. Sai na fara zagaya filin wasa da sassafe, don gumin rana yana ƙara mini ƙaiƙayin.

Kowace Asabar nakan shiga mota zuwa Sabon Gari wurin Goggo, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni ina ƙarama. A wurinta, wanda ya ƙi abinci mai abincin ya ƙi. Sau biyu ina ture kunun gyaɗarta da ƙaryar na ƙoshi. A na uku ta kama wuyan hannuna.

"Ke 'yar nan, kin rame kamar kazar da ta tashi daga kwanci. Wani laifi na yi miki?"

Kaina a ƙasa na karanta mata abin da likita ta ce.

"Gyaɗa kawai? Shi ne kika bar ni ina ta saƙe-saƙe?"

Asabar ta gaba ta dire mini kwaɗon zogale, tana murmushi. "Ganye ne, ba ya sa ƙiba." Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya bugi hancina.

"Goggo, ai ƙuli-ƙuli gyaɗa ce."

"Wace gyaɗa? An matse man ya fita kaf! Bokon nan naku dai."

Na san cokali ɗaya zai ɓata mini gwajin makonni uku, na kuma ga fuskarta ta fara canzawa. Ban iya gardama ba. Na naɗe hannun rigata, na nuna mata inda ya soma warkewa. Ta shafa wurin da babban yatsa, a hankali. Sannan ta ja kwanon gabanta.

Da na dawo Asabar ta gaba, na tarar da sabon turmi ɗan ƙarami a bakin madafa, an ɗaura masa jan ƙyalle.

"Naki ne. Gyaɗa ba ta taɓa shigarsa ba, kuma duk wanda ya taɓa shi, ni da shi."

Riɗi ta daka a ciki ta kwaɗa zogalen. Ta zauna tana kallona har na suɗe kwanon.