Malam Ila da Shafin Man Gyaɗa

Kai mai karatu, in dattijo ya ce ka zo, ka je ranar. Ni na ce "sai jibi", ga shi da safen nan labari ya iske ni ina tsakar wanki: Malam Ila ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu kayan na cikin ruwa.

Shi ya koyar da mu a kwaleji a Tasawa. Da ya tsufa ya rubuta littafin labari kan shekarun gyaɗa, lokacin samun 'yancin kai, sa'ad da yake yaro a Kona. Mutane suka yi ta yabo. Ni kuwa na kira gidan rediyo na ce akwai kuskure: matar cikin littafin ta zuba ruwan sanyi a turmi, wai mai ya fito. Uwata da ƙuli-ƙuli ta raine mu. Mai ba ya fita sai da ruwan zafi. Na faɗa, ban tausasa ba.

Na zaci gaba ce ta shiga tsakaninmu.

Kwana uku sai ga shi a ƙofata, an ɗauko shi bisa moto, da tiyar gyaɗa da kaye na rubutu da jan bik.

"Ɗiyata, ina turmin? Yau ni ne ɗan lakwal, ke ce malama."

Ya zauna kan tabarma, na soya, na surfe, na daka, na zuba ruwan zafi, yana rubutu. Da mai ya taso ya yi dariya. "Shekara nawa ina cin abin ga, ban taɓa tambayar wadda ta yi shi ba." Na ce ai masu yabo sun fi yawa, Malam. Ya ce, "Su sun ba ni daɗi. Ke kin ba ni aiki."

Ranar kasuwa muka haɗu. Ya ce ya gyara shafin, amma ba zai kai wa masu bugawa su sake buga littafin ba sai na duba. "Ki taho, kada in sake ɓata miki gyaɗa."

Ban je ba. Wanki, girki, baƙi. Shafin na can cikin kayensa yana jirana, kuma bayan addu'ar uku zan roƙi iyalinsa in duba.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, don Allah.

Ɗiyata Nana tana rubuta labarai a waya, duk wanda ya yi mata gyara sai ta toshe shi. Ɗazu na zaunar da ita. Na ce mata daga yau a gidana ba a toshe mai gyara, ba a mai da masa baƙar magana. A gode masa, a ɗauki kaye, a je a tambaya. Kuma ranar za a je.