Baƙin da Na Ɗauko a Bakin Tafkin Dungu

Ai ni ban ma san na diro daga kan moton ba, babur nake nufi! Sai dai na ji Yaya yana cewa, "Ke! A kan tsuntsu za ki karya mana ƙafa?" Takalmina ɗaya ya maƙale cikin rairayi, ko waiwayarsa ban yi ba. Ga su can, shamuwa, sun jeru a bakin tafki kamar mata sun zo gidan biki suna jiran a ce su shigo. Amma tsaya, na fara muku daga tsakiya. Haka nake in abu ya cika mini ciki.

Muna da wani gurup a waya, na masu son ɗaukar hoto. Akwai 'yan Damagaram, akwai 'yan Maradi da Yamai, har da na Daura da Kano. Shugabarmu wata Hajiya ce a Damagaram, ban taɓa ganinta ido da ido ba. Duk ranar Asabar takan rubuto kalma ɗaya tak, jigon mako ke nan. Kowa ya fita ya nemo hoton da ya dace, ya turo kafin magaribar Juma'a. Ba a tambayarta abin da take nufi. Wanda kuwa ya daɗe bai turo komai ba, sai ta cire shi, ta ce gurup ba rumfar 'yan kallo ba ce.

Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini hoto, ba a lakwal wajen malaman boko ba, ba a ko'ina ba. A nan cikin gurup na tsinci komai. Na ga yadda wani yake durƙusawa ya ɗauki ɗan akuya har ya zama kamar raƙumi, ni ma na durƙusa. Na gane cewa hasken hantsi daban, na la'asar daban. In an turo hoton duwatsun arewa ko kogin Kwara da kwalekwale, nakan kwanta a tabarma in buɗe shi, in yi ta kallo har in ji kamar iskar wurin tana taɓa mini fuska. Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba, a cikin gurup ɗin nan na yi yawon duniya.

To ga matsalar. Wayata tsohuwa ce, ta faɗa cikin kwatanniyar wanki, idon hotonta ya mutu. Tana karanta saƙo, amma duk abin da ta ɗauka sai ya fito kamar koko. Mai kyan ta Yaya ce, shi kuma da an gama girbi yake tafiya cin rani Kano, wayar ta bi shi. Duk rani ina kallon na mutane, ban turo ko ɗaya ba. Sai ranar nan Hajiya ta aiko mini saƙo ni kaɗai: "'Yata, na yi miki kara da yawa. In wannan makon ya wuce ban ga naki ba, sai haƙuri."

Jigon makon kuwa haruffa huɗu ne: BAKI.

Kun san dai wayoyin nan, yawancinmu ba mu sa lanƙwasar harafi. To wanne ne? Bakin da ake cin tuwo da shi? Baƙi irin na gawayi? Ko baƙi, waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma? Da a wokal ta faɗa, wato saƙon murya, da muryarta ta raba gardama, amma a rubuce duk kammaninsu ɗaya. Ni dai da na gani, ko shakka ban yi ba. Zuciyata ta ce baƙi ne masu sallama, don a kwanakin nan gidanmu ba zancen da ake sai na masu zuwa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma, Inna ta fito da irin gero tana tsincewa, kowane gida ana jiran 'yan cin rani. Kuma wata ƙawata da ke aure a Dungu ta ce mini shamuwa sun sauka wajensu, sun cika tsamiyar bakin tafki. Na ce shi ke nan, ga baƙin damina.

Saura waya. Lahadi shiru, Litinin shiru. In na ji ƙarar mota ta rage gudu a kan gudron, kwaltar garinmu, sai in leƙa waje. Ran Laraba aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya tashi, na zauna a ƙofar ɗaki ina kallon yadda ɗigon ruwa ke rataye a bakin indararo, ina ɗaukarsa da ido tunda ba abin ɗauka. Sai Alhamis da la'asar muka ji sallamarsa.

Inna ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta dama fura a kwanon da ba a fito da shi sai an yi baƙo. Ya dubi tabarmar, ya dubi kwanon, ya ce, "Inna, yau kuma ni ne baƙon?"

"Sha dai," in ji ta. "Wanda ya yi wata da watanni ba ya nan, ai sai an sake koyon fuskarsa."

Ni kuwa ina tsugune gefe, idona na kan aljihunsa. Ya lura. "Wato ke ba ni kike wa maraba ba. To ga yayan naki na gaskiya." Ya zaro wayar ya miƙo mini. Na ce masa gobe da sassafe Dungu za shi kai ni. Ya ce ranar kasuwa, ga Juma'a, ga gajiyar hanya, ko an ɗaura masa igiya ba ya zuwa. Inna ta ce, "Kai ta mana, in ba haka ba kunnena ba zai huta ba."

Mun fita rana ba ta gama ɗagowa ba. Wayyo, hanyar nan! Rairayi ya sha ruwa ya kwanta, moto na tafiya kamar a kan katifa. Gawo duk ya fara zubar da ganye, gonaki a share, can nesa wani mutum da matarsa suna shuka, shi yana sara tana binsa tana rufewa da diddige. Muna cin karo da amalanken shanu masu tafiya kasuwar garinmu Matameye. Wani siririn hazo ya kwanta a kan kwarin rake, sai ka ce wani ya shanya farin mayafi ya manta da shi. Sau da yawa na so in ce ya tsaya, amma ina tattalin batiri.

Shi ne fa muka iso inda na fara muku. Na tafi a sunkuye, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, har na samu wani kututture na laɓe. Ruwan ya yi luf. Kowace shamuwa tana tsaye a kan 'yar'uwarta ta cikin ruwa, ƙafa da ƙafa. Wata ta ɗauko kara a baki ta tashi zuwa tsamiya, fukafukanta suka wuce ta kaina, na ji iskarsu. Na manta da gurup, na manta da Hajiya. Ban san iya lokacin da na yi ba ina kallo kawai, wayar na hannuna ban danna ba.

Yaya ya lallaɓo ya tsuguna kusa da ni, riƙe da takalmin. Cikin raɗa ya ce, "Wai me aka ce ku ɗauko ne?"

"Baƙi."

"Su wa ye baƙin?"

Na nuna masa da haɓa.

"Waɗannan? Haba ƙanwata. Dubi sheƙarsu ta bara tana nan a kan tsamiya, gyara kawai suke yi. A nan aka ƙyanƙyashe su. Wanda ya je neman abinci ya dawo ɗakin uwarsa, shi ne baƙo?" Ya ƙara da cewa, "A can a ce mana baƙi, a nan ma a ce mana baƙi."

Na dube shi da kyau, karo na farko tun da ya dawo. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ce, "To yanzu ya zan yi? In ba baƙi ba ne, na faɗi ke nan."

Ya yi dariya har wata shamuwa ta ɗago kai. "Ke dai danna. In ba su zama baƙi ba, ai baƙaƙe ne. Kuma a bakin ruwa suke. Ko ta ina Hajiyar taku ta biyo, kin tare ta."

Na danna. Da yawa sun fito a karkace. Amma akwai ɗaya: shamuwa a jere da inuwarsu cikin ruwa, tsamiya a gefe, can ƙurya kuma gefen kafaɗar Yaya ta shigo ba da nufina ba. Na so in yanke ta, na fasa.

Rezo, wato sabis ɗin waya, bai kama ba sai da muka kusa gari. Da hoton ya tafi na buɗe na sauran, sai dariya ta kusa kayar da ni daga kan moto. Wani ɗan Maradi ya turo bakin raƙumi yana tuƙa. Wata ta turo gindin tukunya. Wani ya ɗauko surukansa zaune a zaure suna cin shinkafa. Gardama ta kaure, kowa na rantsuwa nasa ne daidai.

Bayan magariba Hajiya ta yi wokal, tana magana dariya na cin ƙarfinta. Ta ce ita launi take nufi, baƙi na gawayi, kuma daga yau da baki za ta riƙa faɗin jigo. Mai tukunya ce ta ci makon. Ni ko na uku ban zo ba, wai tsuntsayen sun yi nisa, kuma gaskiya ne. Amma a ƙarshe ta ce, "'Yar Matameye, zauna daram, ba inda za ki. Kafaɗar wa ce wannan a gefe?"

Na rubuta mata: ta ɗan gida ce.

To ku fa? Da ku aka turo wa BAKI haka tsirara ba lanƙwasa, me za ku fita ku ɗauko? Kuma in shamuwa na sauka garinku, ku gaya mini a kan wace bishiya, da abin da tsofaffinku ke ce musu, baƙi ko 'yan gida. Ina son in ji, wallahi.