Ranar da aka hana ni 'yata a Jidda

Tun kafin mu tashi daga gida abin da ke hana ni sukuni shi ne teku. An ce mini Jidda a bakin ruwa take, ni kuma yarinyata ko bokiti ta gani sai ta tsoma kai. Shekararta uku a lokacin. Har a Harami ina ɗawafi ina roƙon Allah Ya raba ta da ruwan nan.

Da muka gama umra muka sauka unguwar Kurayyat a Jidda, gidan yayar maigidana. Ta fi shekara ashirin a ƙasar, nan ta koma da aka rushe musu unguwar Karantina. Hajiya nake ce mata. 'Yanmatanta biyu a can aka haife su, suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, kuma duk abin da na faɗa sai sun kalli juna.

Washegari bayan la'asar maza suka yi nasu wuri, Hajiya ta ce, "Yalla amaryarmu, tashi a wanke miki idon ƙauye."

Yarinyar nan 'yar fari ce. Yadda na taso, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa ana rawar kai a gaban dangin miji. Kakarta take kira Mama. Ni Anti take ce mini, don abin da ta ji ƙannen ubanta suna faɗa ke nan. Saboda haka da Hajiya ta kama hannunta a bakin mota, sai na sakar mata, na koma baya.

Aka fara da tsohuwar unguwa, Balad. Gidaje ne dogaye masu tagogin katako, wasu an tokare su kada su faɗi. A garinmu da tuni an rushe, a nan hoto ake yi da su. Hajiya ta sayi turaren wuta da dabino da abaya uku, duk ledar da aka miƙo sai ta nuna ni da haɓa. A bakin teku ban ga komai ba sai ƙeyar yarinyar. Sun ce akwai ruwa mai tashi sama, su suka gani.

Daga nan sai wani babban kanti mai hawa-hawa, sanyi kamar cikin firji. A wurin cin abinci ma'aikacin ya ja wa su Hajiya kujeru, ya ɗora yarinyata kan kujerar yara, ni ya nuna mini ƙarshen tebur inda aka tara ledoji. Na ji ya ce "shaggala". Wannan kalmar na san ta, 'yar aiki ke nan. Na jira Hajiya ta gyara masa. Sai ta gyara mayafi ta ci gaba da zaɓen kifi.

Na ce, "Hajiya, me ya ce?"

"Cewa ya yi kin yi kyau," in ji babbar 'yarta, da Hausarta mai tsami. Suka tuntsire.

Shinkafar ja ce, kifin ba yaji. Na ture farantin gefe.

A shagon turare abin ya faru. Suna ta fesa wa juna a wuyan hannu, ni ina ƙofa da leda bakwai. Na leƙa ta gefen abayar Hajiya, ba yarinya. Na zubar da kayan a nan. Ban san lokacin da na fara ƙwala sunanta ba, sunan da ban taɓa faɗa da ƙarfi ba tun ranar suna. Ina gudu takalmi ɗaya ya fita, ban koma ba.

A ƙasan matattakala mai tafiya na same ta, wata mai gadi mace ta riƙe ta, tana kuka. Na miƙa hannu, matar ta janye ta.

"Fen madam?" Wai ina uwargijiyata.

Na bugi ƙirjina na ce, "Binti! Binti!" Wato 'yata ce, iyakar Larabcina ke nan. Fasfo yana aljihun maigida. Ta kalli ƙafata, ta kalli tsohon hijabina, ta durƙusa ta nuna wa yarinyar ni. "Mama?"

'Yata ta girgiza kai. Ta ce, "Anti."

Ba laifinta ba ne, abin da muka koya mata ta faɗa. Amma na tsaya a wurin, mutane sun kewaye mu, 'yata tana miƙo mini hannu ana riƙe da ita.

Sai ga Hajiya tana tafe a hankali, tana ƙamshi. Ta yi Larabci bai fi jimla biyu ba, suka yi dariya da mai gadin, aka miƙa mata yarinya. Ba a tambaye ta takarda ba. Ta juyo kaina a gabansu.

"Ina kayana? Kuma ke ba ki da kunya ne, kina shelar sunan 'yar fari a kasuwa? Bari mu koma, sai na faɗa wa uwar mijinki."

Na fizge yarinyata na saɓa ta a baya, na ɗaure da ɗankwalina. Na ce, "Kayanki suna inda kika bar 'yata. Je ki ɗauka."

Ta faɗa ɗin kuwa. Har yau ana yi da ni a dangi, wai na je ƙasa mai tsarki na baro kunyata. Hajiya ta aiko da abaya a ba ni, na ba mai wanke-wanken maƙwabta. Yarinyar ina koya mata Umma a ɗaki, in mun fito tsakar gida ta koma Anti, don tana ganin fuskar kakarta.

Ke mai ɗan fari, don Allah, in za ki garin da ba a san ki ba, ki koya masa ya ce ke ce uwarsa tun kafin ku hau jirgi, kuma kada ki ba kowa hannunsa.