Agogon da ya makarar da tankifa

Wata Asabar cikin daminar 1986, da ƙarfe tara na safe, na jona agogon da na haɗa da hannuna a soket ɗin falonmu, jajayen lambobi suka kama. A unguwar Television muke zaune, ko da yake talabijin ɗin kansa sai mun leƙa tagar maƙwabta muke ganinsa. Ina aji huɗu a sakandare, ni kaɗai ce mace a ƙungiyar kimiyya. Malaminmu, Malam Bitrus, shi ya ba ni kwalin kayan agogon, wanda wani abokinsa ya aiko daga Amurka, ya ce aikina ke nan na ƙarshen zango. Mako uku na yi ina liƙa ƙananan abubuwa masu ɗamarar launi a kan koren allo, tsakanin jan ruwa a rijiya da cire ciyawa a masarar bayan gida. Ƙawayena na carafke a ƙofar gida, ni ina shaƙar hayaƙin dalma.

Babana tankifa ne a wata masaƙa a Kudenda. Shi ke jan layi da jan biro a littafin zuwa aiki da zarar jiniya ta busa, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin ya makara. Shekara goma sha ɗaya sunansa bai taɓa sauka ƙasan layin nan ba, kuma ba ya barin kowa a coci ya manta da haka. Ran nan ya saita min agogona da nasa, sannan ya kwance na hannunsa ya jefa a aljihun kwat ɗin Lahadi. "Yau da agogon Rifkatu zan tafi aiki," in ji shi.

Aikin rana gare shi, ƙarfe biyu. Yana cikin cin tuwo da miyar karkashi, agogona na nuna ɗaya da minti goma, sai muka ji jiniya. Ya wanke hannu, ya hau keke. Daga baya muka ji cewa mataimakinsa ya ƙi jan layin don kara, Baba ya karɓi biron ya ja da kansa, ya rubuta sunansa a ƙasa. Da ya dawo bai yi faɗa ba, mayar da agogonsa hannu kawai ya yi, ni kuwa da dukana ya yi da ya fi min sauƙi.

Ranar Litinin na kai wa Malam Bitrus, na ce na ɓata. Ya duba liƙin ɗaya bayan ɗaya bai sami aibu ba, sannan ya buɗe takardar bayanin da ni da shi muka tsallake shafinta na ƙarshe. Ashe agogon bugun wutar lantarki yake ƙirgawa. A ƙasarsu bugu sittin ne daƙiƙa ɗaya, tamu wutar hamsin take yi, shi kuwa bawan Allah sai ya tsaya jiran cikon goman. Minti goma yake zubarwa kowace awa, da zuciya ɗaya. Da na yi wa Mama bayani sai ta ce, "Ato! Baƙo ne, ya zo ya tarar ba a sauri a garin."

Gyaran bai wuce ɗaga wata 'yar waya daga ramin sittin zuwa na hamsin ba. Na ƙara masa batir, wanda takardar ta ce ba dole ba ne, don marubucinta bai san ana ɗauke wuta ba. Na ƙera masa gida da katakon akwatin sabulu. Malam ya ba ni maki mai kyau, amma ba makinsa nake jira ba.

Kwana bakwai Baba yana zama gaban agogon da safe, yana jiran jiniyar ƙarfe shida ya ga ko za su zo daidai. Ran na takwas ya kwance na hannunsa, ya ajiye kan kabad, ya ce, "Ke, kawo min ruwan wanka, lokaci na tafiya."

Yanzu masaƙar ta yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofarta, kowa kuma da lokacinsa a aljihu, daidai har daƙiƙa, ba mai jan layi. Agogon yana kan teburina, lamba ɗaya ta dushe. Har yau ban taɓa yarda ya yi latti ba.