Inna a Gonar Shinkafar Filifin

Ni ɗan fari ne, Innata kuma Bafillatana ce ta wajen Bukkuyum, saboda haka na girma ban san yadda ƙwayar idonta take ba. Ba ta kiran sunana, ba ta dubana. In na shigo tana dariya, sai dariyar ta ɗauke kamar an kife tukunya. In za ta ba ni abinci, bango take gaya wa: "A ce ma masu gida hura na nan." Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kunya ce, kowa ya sani. Amma sanin abu daban, jin daɗinsa daban.

Shekarar da ciwon gwiwa ya matsa mata ina koyarwa a wata sakandare a Gummi, sai na ɗauko ta don ta riƙa zuwa asibiti. Matata ta tafi wankan jego gidansu a Anka, gidan ya rage daga ni sai Inna sai bangon da ke isar da saƙo tsakaninmu.

Lokacin gwamnati na ta ɗebo malamai daga ƙasashen waje. Gidan da ke manne da nawa, wata malamar lissafi aka ba, 'yar ƙasar Filifin. Gajeruwa ce, ba miji ba ɗa, ga fara'a kamar gonar auduga. Ni kuwa mutumin da ke murmushi ba dalili ban cika sakin jiki da shi ba.

In an tashi daga makaranta zane take yi. Fentinta a cikin 'yan bututu yake irin na man goge baki, akirilik take ce masa. Da ruwa ake dama shi, amma kafin ka shanye kofin shayi ya bushe ya zama roba. Falonta cike yake da alluna: gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin dutse, bukkoki a kan ƙafafun gora, wani baƙin sa mai faɗin ƙaho kwance cikin taɓo, wani tsoho yana ɗinkin taru. Ƙauyensu ke nan, in ji ta. Ran da na fara shiga, na ƙura wa tsohon mai taru ido, sai na ga ashe mai gadin makarantarmu ne, har da giɓinsa. Na tambaye ta dalili. Ta ce shekara huɗu rabonta da gida, fuskokin mutanensu sun fara ɓace mata, shi ya sa take aron na nan.

Aro! Na san aron tabarma, na san aron jaki, ban taɓa jin aron fuska ba. Nan take kuma na tuna mai gadin nan ya yi sati biyu kwance da shawara.

Ban ankara ba sai ga ta ta manne wa Inna. Ita ba Hausa sai "sannu" da "madalla", Inna ba Turanci ko na rantsuwa, amma in na dawo daga aji tun daga nesa nake jin shewarsu ta bayan zana. Da na yi gyaran murya sai tsit. Wata rana na ga zanen saƙin Inna a kan igiyar shanyar malama. Ta ce ratsin take son kwaikwaya. Bayan kwana biyu na kama ta tsugune a ƙofar ɗakin Inna, daidai inda Inna ke ajiye ƙafa in ta zauna, tana ɗibar ƙasa tana zubawa a gwangwani. Ta ɗago tana murmushin nan nata, ta ce jan ƙasar ne ya ba ta sha'awa, tana so ta haɗa launi irinsa.

Ni fa mai takardar malanta ne, da bakina nake koya wa yara cewa sauro ke kawo zazzaɓi. Amma kafin in zama malami ɗan ƙauye ne ni, na san abin da ake yi da ƙasar sawu da tufafin mutum. Na haɗiye maganar, na sa ido.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kayar da Inna. Aka yi mata allura, jiki ya ƙi sauka. Rana ta uku bayan azahar ina zaune a bakin ƙofa ina yi mata fifita daga nesa, sai na ji tana sambatu: "Ruwa ko'ina... ga baƙin san ga yana dubana. Ku bari in ƙare dashen ga." A raina na ce shi ke nan, an kai kurwarta inda ba mota ke zuwa ba.

Ban yi sallama ba na faɗa falon malama. Wani sabon allo na jingine a kan kujera. Inna ce tsaye cikin gonar shinkafar mutanen Filifin, ruwa har ƙwauri, damin iri a hannunta, saƙinta a ɗaure. Ta ɗago kai tana kallona ido cikin ido, tana murmushi. Shekarata ashirin da bakwai a duniya ban san kumatunta na hagu na lotsawa ba sai ran nan. Na ji tsoro, gaskiya ne. Amma kishi ya fi tsoron yawa. Baƙuwar da ta zo jiya, da wane asiri ta samu abin da ni ban samu ba?

"Malam, naka ne," in ji malama da Turanci. "Jira nake ta warke in kawo maka."

Na ce, "Goge ta."

"Bai yi kama da ita ba?"

"Ki fitar mini da uwata daga ƙasarku. Yanzu."

Murmushin ya tafi. Ta ce wannan fentin in ya bushe ba ya goguwa, sai dai a rufe shi da wani, kuma abin da aka rufe ba ya dawowa. Na ce ta rufe. Na tsaya a kanta kamar mai tsaron jarrabawa. Ta matso launin ruwan ƙasa, ta zana wata faffaɗar malafa irin ta manomansu, ta karkato da ita tun daga goshi har haɓa. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba.

Tana wanke buroshi a cikin kofi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba ni take yi wa wannan fuskar ba. Kullum da safe in ka fita za ka aji, takan leƙa ta kafar zana ta bi bayanka da kallo har ka sha kwana. Sati uku ina tsayawa a taga don in kama ta."

Na kai yatsa na taɓa malafar. Ta bushe ƙayau.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Likita ya ce allurarsa ce. Ni har yau, da furfurata da komai, akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa malafar ce, kuma na san dalilin da ya sa nake riƙe da shi: in ba malafar ba ce, to a banza na yi abin da na yi.

Ran da zan mayar da Inna gida, tana ɗaure kayanta ta juya wa bango ta ce, "Wai ina hoton da baƙuwar ga tac ce za ta ba masu gida?"

Na ce, "Yana wurinta, Inna. Akwai ɗan gyara."

"Gyaran mi? Ni na gan shi, ya yi." Ta ja bakin ɗaurin da haƙori, ta ƙara ƙulli. "A ce masu su amso shi. In na tahi su duba."

Na ce to. Na ɗauki kayan na yi gaba, tana biye da ni har tasha, ban waiwaya ba.